Ƙamshin Da Babu Shi A Shagon Baba

Ranar da ya fara zuwa shagon, ba ita ya fara kallo ba, kuma abin da ya fara ba ta haushi ke nan. Tsayawa ya yi a bakin ƙofa ya ɗaga kai yana karanta allon da ke sama, hannayensa goye a baya kamar wanda aka turo duba gini. Ita kuma tana bayan kanta tana goge kwalabe, sai ta bar gugar ta zuba masa ido tana kallon ikon Allah.

Shagon turare ne na mahaifinta. Allon nan ya girme ta nesa ba kusa ba, kuma kalmar Turanci ɗaya ce tak a jikinsa da jan fenti: PURE. Duk layin Baba Zalla suke kiran tsohon, don tun da ya buɗe shagon bai taɓa zuba wani turare a cikin wani ba. Wardi wardi ne, sandal sandal ne, miski miski ne. In kana son biyu ka sayi kwalba biyu, abin da ka je ka yi da su a gidanka kuma tsakaninka da Allah.

Ita ce autarsa. A gida Me-ya-sa ake ce mata, sunan da marigayiya Ummanta ta laƙaba mata tun bakinta ya buɗe, saboda ba a gaya mata abu ta yi shiru. Me ya sa wata yake bin mu? Me ya sa albasa take sa hawaye? Ta girma, ta gama makaranta, sunan bai bar ta ba, ita ma ba ta bar halin ba.

Saurayin ya shigo da sallama. Dogo ne siriri, rigarsa fara ƙal, kuma abin mamaki babu ƙamshin komai a jikinsa. Duk wanda ya shigo shagon nan da nasa yake zuwa, ko na turare, ko na sabulu, ko na hayaƙin mota. Wannan kuwa kamar an shigo da kofin ruwa.

Ya tambaye ta ko ta san daga ina kalmar da ke kan allon ta fito. Ta ce daga Turanci mana. Ya ce to shi Turancin a ina ya samo ta? Nan ta yi turus. Shekara da shekaru tana wucewa ta ƙarƙashin allon nan, ita da aka sani da tambaya, ba ta taɓa yin wannan ba. Ta ji kunya, ta kuma ji haushin ya riga ta.

Ya yi murmushi ya ce shi ma bai sani ba, sannan ya nemi sandal da wardi. Ta miƙa masa murfin kwalba ya shinshina kamar yadda kowa yake yi, sai ya girgiza kai. Ya zaro wasu siraran fararen takardu daga aljihu, ya tsoma bakin ɗaya a sandal, ya kaɗa ta a iska, ya ɗan jira, sannan ya kai hanci ya lumshe ido. Kafin ya koma kan wardi sai ya sunkuya ya shinshina hannun rigarsa.

Haƙurinta ya ƙare. "Malam, me ya sa kake shinshina rigarka?"

"Hanci yana gajiya," in ji shi. "Idan ya sha ƙamshi mai ƙarfi sai ya daina bambancewa. Jikina kawai ya saba da shi, shi yake mayar da shi daidai."

"To me ya sa ba ka shafa turare?"

"Ke ba kya gajiya da tambaya?"

Ta ce ba ta taɓa gajiya ba tukuna. Ya rubuta lambar wayarsa a bayan takardar sandal ɗin ya ajiye a kan kanta, ya ce in ta gano asalin kalmar ta sanar da shi, shi kuma zai biya ta da amsar tata.

Ko abincin rana ba ta ci ba sai da ta gano. Ta daɗe tana juya takardar mai ƙamshi a hannunta tana ce wa kanta don ilimi kawai za ta yi, sannan ta rubuta:

"Assalamu alaikum, Malam Hanci. Na gano. Turawan Ingila a wurin Faransawa suka aro ta, su kuma Faransawa daga Latin suka gaje ta, tsohon harshen Rumawa. Tun can ma'anarta abu mai tsabta, wanda ba a gauraya shi da komai ba. Saura amsata."

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara.

"Wa alaikumus salam, 'yar shago. Ashe kalmar da ke cewa babu gauraye sai da ta ratsa bakin al'umma uku kafin ta hau allonku. Na gode. Amsar taki ba ta shiga waya, sai na zo."

Ya zo kuwa, ya sake zuwa, har zuwan ya daina neman dalili. Amsar dai bai ba ta ba. Kullum sai ya ce da sauran lokaci. Amma ya ba ta wasu da ba ta tambaya ba. Shi ya gaya mata turare hawa uku ne: akwai wanda yake riga ka shiga ɗaki ya gaishe da mutane ya gudu, akwai wanda yake zama tare da kai har yamma, akwai kuma wanda yake kwana a jikin tufa har bayan an manta da shi. Ita da ta tashi a cikin kwalabe ba ta taɓa jin wannan ba, don Baba ba ya bayani, miƙa murfi kawai yake yi.

Wata rana ya kira ta Wardi, ta ɓata rai ta ce ita ba kwalba ba ce. Da ya koma sai ga saƙo:

"To na janye. Daga yau ke ce Tambayata. Ina kwana da ke, ina tashi da ke, kuma ba na son a amsa min ke da wuri."

Ta karanta ta rufe fuska da mayafi ita kaɗai a shago, kamar akwai mai ganinta. Ta mayar masa:

"Kada ka ɗauka zan ce maka Amsata. Ba ka ci wannan sunan ba tukuna, Malam Hanci."

Son shi dai take yi, babu wani ɓoye-ɓoye. Abu ɗaya ne ba ta lura da shi ba, ita mai lura da komai: bai taɓa zuwa Baba yana nan ba. Kullum sai da hantsi, lokacin da tsohon yake fita karɓo kaya.

A gefe guda kuma akwai Mai Farar Mota, kamar yadda Gwaggo take kiransa. Gwaggo ƙanwar Baba ce, ita ta dawo gidan ta riƙe su bayan rasuwar Umma. Shi kuwa Mai Farar Mota ɗan mutumin da yake kawo wa Baba kaya ne, kuma Baba yana son shi ƙwarai. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Sai dai duk abin da Me-ya-sa ta tambaye shi amsarsa ɗaya ce, haka Allah ya yi. Ta taɓa tambayarsa me ya sa tayar mota take baƙa, ya dube ta kamar ta zare. In ya zo hira sai ta yi ta danne hamma har idonta ya kawo ruwa.

Shi ne ya tona asirin, kuma ba da wata manufa ya fara ba. Ya kawo kaya da hantsi tare da Baba, suka yi kiciɓis da Malam Hanci yana fita da ledarsa. Mai Farar Mota ya bi shi da kallo, ya ce ai wannan shi ne yaron nan mai haɗa turare a bayan kasuwa, yaushe Baba ya fara sayar wa masu haɗi? Da ya ga yadda fuskar Me-ya-sa ta canja, sai ya ƙara gishiri, ya ce dama irinsu ta wajen 'yan mata suke bi.

Baba bai ɗaga murya ba, dama ba ya yi. A wurinsa haɗi da algus uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ya sha faɗa cewa duk wanda ya iya zuba abu biyu a kwalba ɗaya, wata rana zai zuba na uku bai gaya maka ba. Shi ya sa bai taɓa sayar wa mai haɗi ko ɗigo ba, kuma duk kasuwa an sani. Ya dubi 'yarsa ya ce kada ya sake ganin ƙafar yaron nan a shagonsa, ya juya ya ci gaba da jera kwalabe.

Ta rubuta wa Malam Hanci:

"Ashe shi ya sa ba ka shafa turare, kuma shi ya sa ba ka zuwa sai Baba ya fita. Ka gaya min gaskiya: ni ka zo nema, ko sandal ɗin Baba?"

Amsar ta daɗe kafin ta zo.

"Ranar farko sandal na zo nema, babu irin nasa a garin nan, kuma na san ba zai sayar min ba. Wannan laifina ne, ba zan kare shi ba. Daga rana ta biyu kuwa ke nake zuwa nema. Kwalaben da na saya bayan na ranar farko suna nan ban buɗe ko ɗaya ba. Tsoro ne ya hana ni faɗa miki. Ki yafe min, Tambayata."

Ta ajiye wayar. Ta yi kuka, ta daina cin abinci sosai, ta daina tambayar kowa komai, har gidan ya yi wani irin shiru da ya dami Gwaggo. Rannan Gwaggo ta ɗauki mayafinta ta ce ta tashi ta raka ta unguwa. Da suka hau hanya ta ce mata ita ba ta taɓa ganin mai tambaya irinta ba, wadda ta yanke hukunci kan abin da ba ta gani da idonta ba.

Ɗan ƙaramin shago ne a bayan kasuwa, tas da shi. Ga ƙaramin sikeli, ga bututun gilashi da ake ɗiga turare da su, ga takardun nan nasa an soke su a kofi. Kowace kwalbar sayarwa an manna mata takarda an rubuta duk abin da ke ciki, har man da aka sirka da shi. A can saman kanta kuma ga kwalaben shagon Baba jere, hatiminsu ko motsi bai yi ba. Me-ya-sa ta gane ɗaurin zarenta a wuyan kowacce.

Malam Hanci ya rasa inda zai sa kansa, ya ba Gwaggo kujera ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce mai algus ɓoyewa yake yi, shi kuwa rubutawa yake yi, amma ya san ya ɓoye wa Baba kansa, don haka ba shi da bakin magana. Me-ya-sa ba ta ce ta yafe ba. Ta dai ɗauki wani bututu ta tambaye shi me ya sa bakinsa ya lanƙwashe, shi kuma ya gane ta huce.

Bai ɓata lokaci ba ya turo kawunsa wurin Baba. Baba ya karɓi baƙon da mutunci, ya ba shi shayi, ya raka shi har bakin titi, ya ce a yi haƙuri. Ya ce shi ba zai yi wa 'yarsa dole ta auri kowa ba, amma da hannunsa ba zai ba mai haɗi ita ba. Me-ya-sa kuwa ta san kanta: ba za ta yi aure babu albarkar Baba ba, ba kuma za ta iya son wani ba. Ta kira Mai Farar Mota ta gaya masa gaskiya cikin ladabi, ya ce haka Allah ya yi.

Akwai wata ɗabi'a da Baba ya ɗauka tun rasuwar Umma. Kowace safiya kafin ya buɗe ƙofar shago sai ya bi kwalabe ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa yana shinshina murfin, ya mayar, ya yi ajiyar zuciya. Duk sabon kayan da aka kawo sai ya yi masa haka. Ta ɗauka duba inganci yake yi. Amma yanzu da ta koyi kallon mai shinshina, sai ta ga wannan ba dubawa ba ce, nema ne.

"Baba, me kake nema?"

Ya daɗe riƙe da murfin. "Ƙamshin Ummanki," ya ce a hankali.

Ya gaya mata a shagon nan Umma take ɗaukar turarenta duk tsawon zamansu, shi kuma bai taɓa tambayar wanne ba, don yana ganin tana nan, ƙamshin yana nan. Da ta tafi ya ɗauka wardi ne, ya buɗe ya ji ba shi ba ne. Ya bi shagon kaf bai samu ba. Har ya fara zargin kamfanonin sun canja kaya. Abin da ya rage masa mayafinta ne guda ɗaya da ya ƙulle a leda a cikin durowarsa, shi ma ƙamshin yana ta ja da baya, shi ya sa ya rage buɗewa.

Tun daga nan tambayar ta hana ta sukuni. Turaren da aka ɗauka a shagon nan, yaya za a ce babu shi a shagon nan? Mutum ɗaya ta sani da zai iya karanta tufa da hanci. Ta san ba daidai ba ne, ta kuma san Baba ba zai yarda ba ko za ta kwana tana roƙo. Da ya fita karɓo kaya sai ta buɗe durowar ta ɗauki ledar.

Malam Hanci bai karɓa da sauri ba. Ya ce ta sani fa, duk buɗewa ɗaya da abin da take tafiya da shi, kuma abin da ya rage a ciki ba shi da yawa. Ta ce ta ji, ya buɗe. Ya rufe taga, ya wanke hannu, ya shinshina rigarsa, sannan ya kwance ƙullin ya sa fuskarsa a cikin mayafin. Ya ɗago, ya sake komawa, ya sake. Da ya ƙulle ledar sai ya dube ta kamar mai jin nauyin abin da zai faɗa.

"Tambayata, akwai sandal a nan, akwai wardi. Tare suka shiga zaren nan, ba daban-daban ba. Wannan haɗi ne."

Ta dube shi. Umma? Matar Baba Zalla?

Ya haɗa mata su nan take, ɗigo bayan ɗigo, ya miƙa mata takarda. Ta shinshina. Ya yi kusa, amma ba Umma ba ce. Kamar ka hango mace daga baya da irin tafiyar mahaifiyarka, ta juyo ka ga wata ce. Ya ce dama ya zata. Abin da ya kwana a mayafi shi ne hawa na ƙasa, na saman nan mai riga mutum shiga ɗaki ya daɗe da tashi, babu hancin da zai same shi a tufa. Sai dai wanda ya taɓa jin sa a jikinta ya tuna.

Ta mayar da ledar inda take, ta ƙulle yadda ta same ta. Amma Baba mutum ne da ya yi rayuwarsa yana ɗaure wuyan kwalba, ya san ƙullinsa. Washegari da safe ta same shi zaune a bakin gado, mayafin a cinyarsa. Ya kai shi hanci ya ajiye, ya sake kai shi. Babu komai a ciki sai warin leda.

Ta durƙusa ta faɗa masa ita ta ɗauka, da wanda ta kai wa. Maganar haɗin ce kawai ta kasa fitowa daga bakinta.

"Abin da ya rage min ke nan," in ji Baba. "Shi kika ɗauka kika kai masa."

Bai zage ta ba, da ma ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ya daina zuwa shago. In ta gaishe shi ya amsa a taƙaice, idonsa a wani wuri. Ta nemo aure ta rasa, ta kuma haɗa da uba. Ta rubuta wa Malam Hanci cewa tambayarta ta kashe ta, ya amsa da cewa laifin nasu ne su biyu, shi ya kwance ƙullin, kuma ba zai daina gwadawa ba. Ya gwada mata kanumfari, ya gwada na'ana'a, ya gwada furanni iri-iri. Duk wanda ya aiko a takarda sai ta girgiza kai.

Wata ranar da yamma tana zaune a kicin ta yi tagumi, Gwaggo tana ɓare lemo a gefenta. Gwaggo ta lanƙwasa ɓawon, ɗan ruwan nan nasa ya fesu a iska. Me-ya-sa ta ɗago kai da sauri. Sai ga ta 'yar ƙarama an taso daga makaranta, Umma ta sunkuyo tana cire mata jaka, wannan ɗan kaifin mai daɗi ya riga hannun Umma isowa. Sai ga tagar kicin ɗin nan, da ɓawon lemo shanye a kai kullum. Ta taɓa tambaya me ya sa ba a zubarwa, Umma ta yi dariya ta ce wannan ɗaya dai ba za a amsa mata ba.

Hawaye suka zubo mata. Gwaggo ta dube ta, ta dubi ɓawon da ke hannunta, ta ajiye wuƙar.

"Ashe kin gano," ta ce.

Gwaggo ta sani tun da daɗewa. Ta ce Umma takan jiƙa busasshen ɓawon a cikin sandal ta ɓoye a bayan tukwane har ya yi makonni, ta tace, sannan ta ɗiga wardi. Takan ce turarukan mijinta kamar 'yan uwa ne da ba sa gaisawa, ita ce mai sulhu. Ta roƙi Gwaggo kada ta faɗa, don kada ran mutumin ya ɓaci. Bayan rasuwar kuma Gwaggo ba ta san abin da yayanta yake nema a kwalabe ba, don bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ta sanar da Malam Hanci, ya jiƙa ɓawon, amma jiƙon ba ya son gaggawa. Makonnin nan sun yi wa Me-ya-sa tsawo, ga shago ita kaɗai, ga Baba yana ramewa. Ranar da Malam Hanci ya tace, ya ba Gwaggo 'yar kwalba ta kawo, ya biyo ta da saƙo:

"Ba toshi ba ne, Tambayata. Hakkinsa ne da muka taɓa. Ko ya yarda da ni ko bai yarda ba, ki ba shi. In kin ga ambaton sunana zai ɓata masa, kada ki ambata."

Ta buɗe ta shinshina, ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta. Sannan wani tsoron ya zo. In ta ba shi, dole ta gaya masa matar da ya fi yarda da ita a duniya ta yi shekara talatin tana yin abin da ya fi ƙi, a cikin gidansa.

Da safe ta ɗiga a mayafin Umma, ta yafa, ta ɗauki tiren shayi. Baba yana zaune a falo ya ba ƙofa baya, yana gyara zaren carbinsa. Ta shiga ko sallama ba ta yi ba.

Bai juyo ba. Cikin muryar nan tasa ta da, wadda ta daɗe ba ta ji ba, ya ce, "Kin dawo?"

Sai hannunsa ya tsaya. Ya juyo a hankali ya ga 'yarsa tsaye da tire a hannu. Ya miƙo hannu ta ba shi gefen mayafin, ya riƙe a fuskarsa ya daɗe, kafaɗunsa suna motsi.

"Wace kwalba ce?" ya tambaya. "Na bi su duka."

"Ba kwalba ɗaya ba ce, Baba."

Ta faɗa masa komai, sandal, wardi, ɓawon lemo, bayan tukwane, da wanda ya karanta mayafin ya haɗa. Ya dubi Gwaggo da ke tsaye a bakin ƙofa, ta gyaɗa kai ta ce da idonta ta sha gani. Me-ya-sa ta sunkuyar da kai tana jiran abin da zai biyo baya.

Dariya ce ta fara zuwa, 'yar ƙarama, sannan ta haɗu da hawaye. "Shekara talatin," in ji Baba, yana share ido da mayafin. "Ina can ina yi wa kasuwa wa'azi, ashe mai haɗin tana dafa min abinci. Kullum sai na ce mata babu mai ƙamshinta, ita kuma ta ce ai kayan shagona ne." Ya sake shinshinawa. "Ba ta yi ƙarya ba kuwa."

Sannan ya ce a kira masa yaron nan.

Malam Hanci ya zo da kawunsa, ya durƙusa, kafin komai ya nemi gafarar sandal ɗin da ya saya a ɓoye. Baba ya bar shi a durƙushe ya yi masa tambayoyi har sai da Gwaggo ta ce ashe gado ne abin. Daga ƙarshe ya kafa sharaɗi biyu: duk abin da ya zuba a kwalba ya ci gaba da rubutawa a jiki, wannan haɗin kuma kada ya sayar wa kowa har abada. Malam Hanci ya ce ya ɗauka. Baba ya ce to ya tashi ya zauna a kujera, ya ba shi 'yarsa.

Allon shago yana nan yadda yake, Baba bai canja ko harafi ba, kuma har yau ba ya haɗi. Ya dai daina bin kwalabe da safe.

Aka ɗaura aure cikin farin ciki. Mai Farar Mota da kansa ya kawo motar aka ɗauki amarya, ya ce haka Allah ya yi, wannan karon kowa ya yarda da shi. Kafin ta fita aka kai ta wurin Baba ta durƙusa tana kuka. Ya yi mata nasiha kaɗan, don ba mai yawan magana ba ne. Sannan ya zaro 'yar kwalbar daga aljihun gaban rigarsa, ya ɗiga a gefen mayafinta da hannunsa.

"Uwarki ce ya kamata ta raka ki," ya ce. "To ga ta nan. Allah ya yi muku albarka."

A cikin mota wayarta ta yi motsi a hannunta. Ta ɗaga mayafi kaɗan ta duba.

"Tun daga bakin ƙofa nake jin tahowarki. Sannu da zuwa, Tambayata."

Ta share hawaye, ta yi murmushi, ta rubuta masa kalma ɗaya:

"Amsata."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya jiƙan Umma, ya ƙara wa Baba Zalla lafiya da nisan kwana.